Kula da Na'urorin Tatar Man Tsirrai Cikin Zuƙa da Gano Musabbabin Matsalolinsu a Yanayi Irin na Icirnawa

Gabatarwa

Icirnawa ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Kance, wadda babban garinta shi ne Matameye, a kudancin jihar Damagaram, kuma tana cikin yankin da aka daɗe da saninsa da noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, ga kuma rake da kayan lambu a fadamun korama. Sana'ar fitar da mai daga tsaba ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, domin mata sun gaji soya gyaɗa da markaɗa ta da murza ƙullin da ruwan zafi har mai ya taso ya bar tunkuza, wadda ake mulmulawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli. A shekarun da gyaɗa ke tashe, lokacin da kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yake sayenta don fitarwa ƙasashen waje, garin Matameye yana da masana'antar matse mai, kamar yadda Maraɗi da Magarya suke da nasu, kafin farin farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 su karya noman a Nijar da arewacin Nijeriya baki ɗaya.

Abin da ake magana a kai yanzu a jami'o'i da ƙungiyoyin manoma shi ne ƙara wa amfanin gona da na daji daraja kafin a sayar, kuma a cikin wannan magana ne ake ambaton na'urorin tatar mai cikin zuƙa, waɗanda ake ware sinadarai masu tsada da su daga ƴaƴan dogon yaro da saiwar jema da ganyen tsabre da ƙaron hano. Wannan takarda ta ɗauki yanayin Icirnawa da kewayenta, wato zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗumin ruwa da rashin tsayayyar wutar lantarki, a matsayin ma'aunin da za a gwada waɗannan na'urori da shi. Hujjar da take kafawa ita ce, mafi yawan abin da ake kira lalacewar na'urar zuƙa ba karyewar ƙarfe ba ne, a'a, shan iska ne da gurɓacewar man famfo da rashin isasshen sanyi, kuma dukkansu abubuwa ne da ma'aikacin da aka horar zai iya ganowa ya gyara a inda yake, in har an tanadi ilimin da ƴan kayan canji tun kafin a sayi na'urar.

Ma'anar tata cikin zuƙa

Tatar tururi ita ce a dafa ruwa ko mai har sashensa mai saurin tashi ya zama tururi, a bi da tururin ta cikin bututu mai sanyi ya koma ruwa, a tare shi a wani mazubi dabam. Tsohon ilimi ne, domin tun a ƙarni na 9 masanin Bagadaza, Alkindi, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatarsa, kuma da irin wannan hikima ce matatar SORAZ, da aka buɗe a 2011 a arewacin birnin Damagaram, take raba ɗanyen man da ake haƙowa a Agadem zuwa fetur da gas da sauransu. Matsalar da ake fuskanta da man tsirrai ita ce yawancin sinadaransa masu amfani ba su jure wuta ba, suna ƙonewa ko su canja kama tun kafin su kai ga tafasa.

Maganin wannan matsala yana cikin wata ƙa'ida mai sauƙi, wato zafin da ruwa ke tafasa a kansa ya danganta ne da nauyin iskar da ke danne shi. Wannan nauyi, wanda Torichelli ya fara aunawa a Italiya a 1643, shi ake kira matsin iska, ana kuma ƙidaya shi da miliba. A bakin teku matsin ya kai miliba 1013, ruwa kuma yana tafasa a digiri 100, amma a ƙasar Damagaram, saboda tudunta, matsin bai wuce kimanin 960 ba, ruwa kuma yakan tafasa a wajen digiri 98. Idan aka rufe tukunya ruf aka zuƙe iskar cikinta da famfo har matsin ya sauka zuwa miliba 200, ruwa zai tafasa a digiri 60, idan kuma ya sauka zuwa 74 zai tafasa a digiri 40, zafin da bai kai na inuwar tsakar rana a watan Afrilu ba. Wannan hali na ragaggen matsi shi ne takardar ke kira zuƙa, kuma idan aka ce zuƙa ta yi ƙarfi ana nufin lambar miliba ta yi ƙasa.

Na'urorin da aka fi samu iri biyu ne. Akwai tulu mai juyawa, wanda Lyman Craig ya ƙirƙiro a Amurka a 1950, kamfanin Büchi na Suwizalan kuma ya fara sayar da shi a 1957; tulun gilashi ne da ke juyawa cikin kwanon ruwan ɗumi, ana amfani da shi wajen janye etanol, wato sinadarin da ake goge fata da shi a asibiti kafin allura, daga cikin abin da aka jiƙa a cikinsa. Akwai kuma na'urar gajeren zango, wadda tazarar da ke tsakanin inda tururi ke tashi da inda yake sanyi ba ta wuce ƴan santimita ba, ita kuma tana buƙatar zuƙa mai ƙarfin gaske, sau da yawa ƙasa da miliba 1. Kowace daga cikinsu tana da sassa biyar da ya wajaba ma'aikaci ya san aikinsu: tulun dahuwa, da bututun sanyi inda tururi ke komawa ruwa, da tarkon sanyi wanda ke kama tururin da ya kuɓuce kafin ya isa famfo, da famfon zuƙa, da agogon matsi. Ya kamata a faɗa a sarari cewa mai sayar da man gyaɗa a kasuwar Matameye ba ta da buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan; wurinsu shi ne inda kayan ba su da yawa amma suna da tsada, kamar sinadarin azadiraktin na ƴaƴan dogon yaro, wanda aka fara warewa a 1968, yake hana ƙwari cin amfanin gona, kuma zafi da hasken rana suke kashe ƙarfinsa.

Inda na'urorin suka fito

Yawaitar waɗannan na'urori a kasuwar duniya cikin shekarun baya-bayan nan tana da alaƙa da wata masana'anta da ba ta halatta a Nijar ko Nijeriya ba, wato ta man tabar wiwi. Bayan jihohin Kolorado da Washinton na Amurka sun halatta tabar a 2012, Kanada ta bi sahu a 2018, Maroko kuma ta amince da nomanta don magani da masana'antu a 2021, ƙananan kamfanoni da yawa sun shiga tatar manta, masana'antun ƙasar Sin kuma suka cika kasuwa da tuluna da famfuna masu araha. A wannan yanki doka ta hana noma da sarrafa tabar wiwi, a Nijeriya ma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana farautar masu yin haka, don haka abin da ya shafi mai bincike a Damagaram ko Kano shi ne na'urar kanta, wadda ba ta bambanta man wannan tsiro da na wancan ba.

Wannan asali yana da sakamako biyu a aikace. Na farko, na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120 da bugu 60 a daƙiƙa, alhali wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, bolt 220 ce da bugu 50, saboda haka ko an sa mata taransifoma, motar famfon za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ta kuma fi yin zafi. Na biyu, na'urar da aka sayo ta hannu takan zo da daskararren ƙaro a bututunta da tsohon mai a famfonta, kuma wajibi ne a wanke ta sarai da etanol a canja dukkan robobinta kafin a sa mata wani abu da mutum zai ci ko ya shafa.

Idan zuƙa ta ƙi kamawa

Ƙorafin da ya fi kowane yawa shi ne an kunna famfo, yana ta ƙara, amma agogo ya tsaya a lambar da ba ta isa aiki ba. Kuskuren da aka saba yi a nan shi ne a ɗora wa famfo laifi nan take a fara kwance shi, alhali shi ne sashen da ya fi tsada kuma ya fi wuyar mayarwa daidai. Hanyar da ta dace ita ce a raba na'urar gida-gida, a fara daga famfo a nufi tulu. Ana cire tiyo a ɗaura agogo kai tsaye a bakin famfo, a bar shi ya yi aiki kamar minti 30 har ya ɗumama, sannan a kwatanta lambar da ya kai da wadda ya kai ranar da aka fara amfani da shi. Famfon da ke aiki da mai, mai hawa biyu, idan lafiyarsa ƙalau, yana sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na miliba, famfon tantani kuwa, wanda wata roba mai motsi ke zuƙar iska a cikinsa ba tare da mai ba, yakan tsaya ne tsakanin miliba 2 da 10 gwargwadon ƙirarsa. Idan famfo shi kaɗai ya kai lambarsa, to ya fita daga zargi, sai a ƙara tiyo a sake aunawa, a ƙara tarkon sanyi a sake aunawa, a haka har a iso gaɓar da lambar ta lalace a kanta.

Sai dai ba kowane hawan matsi ne ke nuna ɓula ba, kuma a nan ne gwajin rufe bawul yake da amfani. Ana zuƙe na'urar, a rufe bawul ɗin da ke tsakaninta da famfo, a riƙa rubuta lambar agogo minti-minti. Idan lambar tana hawa daidai wa daida ba tsayawa, iskar waje ce ke shiga ta wata kafa. Idan kuwa ta yi saurin hawa da farko sannan ta lafa ta tsaya a wani wuri, to ba ɓula ba ce, danshi ne ko ragowar etanol da ke cikin gilashi da tiyo yake zama tururi, maganinsa kuma busarwa ce da ci gaba da zuƙa. Ana iya sa wa yoyon lamba, ta hanyar ninka girman na'urar da yawan hawan matsi a raba da lokaci: na'ura mai cin lita 5 da matsinta ya hau da miliba 6 cikin minti 10, wato daƙiƙa 600, tana da yoyon 0.05, kuma amfanin wannan lamba shi ne a kwatanta ta da ta makon jiya, a ga ko abin yana ƙaruwa.

Mai faci yana gano hujin taya ne da ruwan sabulu, domin iska na fitowa ta yi kumfa, amma wannan dabara ba ta aiki a nan, tunda iskar shiga take yi ba fita ba, kuma haɗari ne babba a hura iska cikin gilashi don a ga kumfa. Abin da ake yi shi ne a ɗiga etanol kaɗan a kan gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya ana kallon agogo, musamman irin na lantarki da Pirani ya ƙirƙiro a 1906, wanda ke auna matsi ta yadda iska ke ɗauke zafin wata siririyar waya. Da zarar ɗigon ya faɗa kan kafar, lambar za ta yi tsalle sannan ta dawo.

Gaɓoɓin gilashi su ne suka fi shan iska, kuma a nan ne hunturu yake yin ɓarnarsa. Bakin kowane bututu an goge shi ne ya yi ɗan kaushi don ya zauna daram cikin ɗan'uwansa, ana kuma shafa masa giris na musamman siriri. Gaɓar da ta zauna daidai, idan aka ɗaga ta a haske, za a gan ta garau kamar ruwa, babu zane ko ɗaya; wadda ba ta zauna ba kuwa za a ga wasu fararen layuka kamar jijiyoyin ganye sun ratsa giris ɗin daga sama zuwa ƙasa, kuma kowane layi hanyar iska ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe sararin Kance da Matameye, gaɓar da aka bari a buɗe a kan tebur na ƴan mintoci takan kwashi ƙura, ƙwayar rairayi guda kuma ta isa ta hana gilashi biyu haɗuwa, idan aka murɗa da ƙarfi ma ta karce su har abada. Saboda haka a goge tsohon giris gaba ɗaya kafin a sa sabo, a shafa shi a sashen sama na gaɓar kawai don kada ya gangara cikin mai, a kuma rufe duk bakin da ba ya aiki da takardar alminiyam. Robobin zobe ma suna da nasu ciwon, domin man tsirrai masu ƙamshi, irin na ɓawon lemo, yana kumbura robar gama-gari har ta yi laushi ta tsage, don haka ake zaɓar nau'in Viton ko Teflon.

Akwai kuma matsalar da ba yoyo ba ce ba kuma ta famfo ba, wato tiyo. Yawan iskar da bututu ke iya wucewa da ita yana raguwa ƙwarai idan bututun ya ƙuntata, har ma idan aka rage faɗinsa da rabi, abin da zai wuce yakan ragu kusan sau 16. Famfo mai ƙarfi da aka haɗa da dogon siririn tiyo, ko da tiyon ban-ruwa wanda ke lotsewa idan an zuƙe shi, ba zai taɓa nuna ƙarfinsa a cikin tulu ba. Tiyon zuƙa gajere ne, mai faɗi, mai kaurin jiki.

Man famfo

A cikin famfon mai akwai wasu faya-fayai da ke juyawa suna share iska daga mashiga zuwa mafita, man da ke ciki kuma yana yin aiki uku a lokaci guda: yana toshe ƴan kafofin da ke tsakanin faya-fayan da bango, yana hana gogayya, yana kuma ɗauke zafi. Duk tururin da ya tsallake tarkon sanyi a cikin wannan mai yake sauka, kuma da zarar ya gauraya da shi, shi kansa man zai riƙa fitar da tururi, famfon kuma ba zai iya sauka ƙasa da matsin wannan tururi ba komai daɗewarsa yana aiki. A jikin famfon akwai ƴar tagar gilashi da ake leƙa man ta cikinta, kuma karanta wannan taga shi ne rabin aikin kulawa. Sabon mai garau yake kamar tataccen man gyaɗa. Idan ya koma fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga. Idan ya ƙaru ya haura layin sama na tagar ba tare da an ƙara masa ba, ya kuma tsinke yana warin abin da ake tatawa, etanol ne ya narke a ciki. Idan ya yi duhu ya yi kauri yana ƙauri, zafi da tsami sun cinye shi, kuma faya-fayan suna cikin haɗarin maƙalewa.

Wolfgang Gaede, Bajamushen da ya yi fice a ƙirar famfunan zuƙa, ya samar da maganin ruwa a cikin mai a 1935, wato wata ƴar ƙofar shaƙa da ake buɗewa ta shigar da iska kaɗan cikin famfon, iskar ta kwashe tururin ta fita da shi kafin ya koma ruwa. Yawancin masu amfani da famfo ba su san aikin wannan maɓalli ba, alhali buɗe shi na minti 30 bayan kowane aiki, mashiga tana rufe, yana tsawaita rayuwar mai ƙwarai. Haka nan bai kamata a fara tura wa famfo tururi yana sanyi ba, sai ya ɗumama. Idan za a canja mai, a zubar da shi yana da ɗumi don ya fito da dattinsa, a zuba sabo kaɗan a kunna na ƴan mintoci a sake zubarwa, sannan a cika zuwa tsakanin layuka biyu na tagar.

Babu abin da ya fi saurin kashe famfo irin a zuba masa baƙin man mota ko na babur saboda na ainihi ya ƙare. A ido suna kama, amma man mota cike yake da sinadaran wanke inji da sassa masu saurin tashi, waɗanda ke zama tururi cikin zuƙa su koma baya su gurɓata abin da ake tatawa. Wanda zai sayi famfo ba tare da galan ɗin mansa na shekara guda ba, gara ya sayi famfon tantani, wanda bai kai shi ƙarfi ba amma ya ishi tulu mai juyawa, kuma abin da yake nema kawai shi ne canjin tantani da ƴan bawul idan sun gaji.

Zafi da ruwan sanyaya

Littattafan da ke zuwa da tulu mai juyawa sukan ba da ƙa'idar tazarar digiri 20: ruwan sanyaya a 20, tururi a 40, kwanon ɗumi a 60. An tsara wannan ƙa'ida ne a ƙasashen da ruwan famfo ke fitowa da sanyi. A Icirnawa, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ruwan da ya wuni a tankin kan rufi yakan yi ɗumin da ba zai iya mayar da tururin digiri 40 ruwa ba, sai tururin ya wuce kai tsaye cikin famfo. Alamar ita ce mazubin tara ruwa ba ya cika, ɗakin kuma yana warin etanol. Idan abin da ake tatawa zai jure, ana iya ɗaga lambobin uku gaba ɗaya zuwa 30 da 50 da 70, a sassauta zuƙar etanol daga miliba 175 zuwa wajen 290, domin zuƙar da ta wuce kima ita ma ɓarna ce. Idan ba zai jure ba, sai a sanyaya ruwan da ƙanƙara, ko a mayar da aikin tsakanin asuba da hantsi. Randar ƙasa ma tana da gurbi a nan, tunda tsattsafowar ruwa ta jikinta tana rage masa zafi sosai a lokacin rani, hikimar da Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya a kanta, har ya sami kyautar Rolex a 2000.

Irin wannan iyaka ce ke kan ƙaramin famfon da ke zuƙar iska ta hanyar gudun ruwa, wanda ake so saboda arharsa: ba ya iya sauka ƙasa da matsin tururin ruwan da ke gudana a cikinsa, wato miliba 23 idan ruwan yana digiri 20, amma 56 idan ya kai 35. Ma'aikacin da bai san wannan ba zai kwana neman ɓular da babu ita. Famfon mai kuma, yawancin masu ƙera shi sun iyakance zafin ɗakin da zai yi aiki a ciki a digiri 40, don haka yana buƙatar inuwa da fanka da goge ƙurar da ke toshe ramukan iskar motarsa. Tarkon sanyi a manyan ɗakunan bincike ana cika shi da busasshiyar ƙanƙara mai digiri 78 ƙasa da sifili. Inda ba a samunta, dakakkiyar ƙanƙara da gishiri tana iya kaiwa kusan 20 ƙasa da sifili, wanda ya isa ya kama yawancin ruwa ko da bai kama etanol duka ba. Idan ruwan rijiya ya bar farin dutse a cikin bututun sanyi, ruwan lemun tsami ko ruwan kal yana narkar da shi.

Ɗaukewar wuta da lafiyar ma'aikaci

Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogaro da wutar da ke zuwa daga Nijeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma katsewar da aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ta nuna yadda wannan dogaro yake da rauni. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, famfo ya tsaya alhali na'urar tana cikin zuƙa, sai zuƙar ta janyo man famfo baya ta cikin tiyo zuwa tarko, wani lokaci har cikin tulu, aikin kwanaki ya lalace cikin daƙiƙoƙi. Saboda haka dole ne a sa bawul a bakin famfo inda hannu zai kai gare shi ko cikin duhu, kuma abu na farko da ma'aikaci zai yi idan wuta ta tafi shi ne rufe shi, sannan ya janye zafi daga tulu. Ba a buɗe wa mai mai zafi iska, domin yana yin baƙi nan take, yana kuma iya kamawa da wuta. Sai ya huce ake shigar da iskar a hankali. Raunin wuta ma yana ƙona mota kamar yadda yawanta ke yi, don haka na'urar daidaita wuta, ko batir da farantan hasken rana da aka auna su daidai da abin da famfo ke ja lokacin tashi, suna cikin kuɗin na'urar tun farko.

Gilashin da ke cikin zuƙa yana ɗauke da nauyin kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita, wanda ke nufin tulu mai cin lita 5 yana ƙarƙashin nauyin da ya doshi tan ɗaya da rabi. Siffarsa ta ƙwallo ce ke raba wannan nauyi, kuma ƴar tsaga mai kamar tauraro, irin wadda ke fitowa idan tulu ya bugi bakin kwano, ta isa ta sa ya fashe ya watsa tsinin gilashi ko'ina. A duba kowane tulu a hasken rana kafin a ɗaura shi, kada a cika shi fiye da rabi, a sauke matsi sannu a hankali don kada abin ciki ya yi tafasar ba-zata ya yi tsalle zuwa bututun sanyi, ma'aikaci kuma ya sa tabaran kariya. Hayaƙin da famfo ke fitarwa a bi da shi ta tiyo zuwa waje.

Masu gyara da kayan canji

Babu buƙatar a jira injiniya daga Yamai ko daga ƙasar waje don yawancin abin da aka bayyana a sama, domin akwai masu sana'ar da suka riga suka san zuƙa a hannu, wato masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda ke zuƙe iska da danshi daga bututun firji da ƙaramin famfon mai kafin su ɗura masa gas. Irin waɗannan masu sana'a, da ake samu a Damagaram da Maraɗi da Daura da Kano, sun san ƙarar famfon da ke shan iska, sun san launin man da ya mutu, abin da ya rage musu shi ne sanin gilashi da tsabtar da kayan ci da na magani ke buƙata. Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN, su ne wuraren da ya fi dacewa a haɗa waɗannan masu gyara da ma'aikatan ɗakin bincike a horo ɗaya, kuma a rubuta littafin jagora da Hausa, tunda na kamfani da Ingilishi ko Sinanci yake zuwa.

Kowace na'ura tana buƙatar littafin rajista da zai zauna kusa da ita, a rubuta a shafinsa na farko lambar da famfo ya kai shi kaɗai ranar da aka kawo shi, da lambar da na'urar ta kai a haɗe babu komai a ciki, da sakamakon gwajin rufe bawul na minti 10, domin da waɗannan lambobi uku ne za a auna duk wata matsala da za ta taso daga baya. Bayan haka a riƙa shigar da ranar canjin mai da launinsa, da zafin ruwan sanyaya, da zafin ɗaki. Kayan da ya kamata su zo cikin akwati ɗaya da na'urar su ne man famfo na shekara, da robobin zobe saiti biyu na kowace gaɓa, da robar wuyan tulu mai juyawa wadda ita ce ta fi saurin cinyewa, da giris na zuƙa, da tantani da faya-fayan canji, da tiyo mai kauri, da tulun dahuwa aƙalla biyu, tunda hanyar da za a bi a kawo wani daga Kano ta Daura da Ɗan Barto zuwa Matameye ba ta da tabbas ga kayan gilashi.